Babi na Huɗu: Iyali da Dangi a Bakin Mutanen Holan

Kalmomin dangantaka a Holanci ba su da yawa, mai himma ba zai daɗe ba ya haddace su. Inda gizo ke saƙa shi ne iyakar kowace kalma, domin ba ta tsayawa inda tamu ta tsaya. Bahaushe yana auna ɗan'uwansa da tambaya biyu: wa ya girmi wa, kuma ta ina aka haɗu, ta uwa ko ta uba? Mutumin Holan bai cika damuwa da ko ɗaya a cikinsu ba. Shi abin da yake so ya sani, wa ke zaune gida ɗaya da shi, wa ya haɗa jini da shi, wa kuma aure ne ya kawo shi.

Kalmomi biyu ne sauran duk suka rataya a kansu, *het gezin* da *de familie*. *Gezin* shi ne uwa da uba da 'ya'yan da ke gabansu, ko uwa ita kaɗai da nata, ko uba da nasa. *Familie* kuwa dangi ne gaba ɗaya, har kakanni da kawunnai da surukai. Mu ma muna da wannan rabon, iyali da dangi, shi ya sa ba zai yi wa Bahaushe wuyar kamawa ba. Sai dai iyalinmu yana da faɗi. Ƙanen matarka da ke karatu a gidanka iyalinka ne, haka tsohuwarka idan ta dawo hannunka. *Gezin* ba kasafai yake kaiwa nan ba. Ranar da ɗa ya kama nasa gidan ya haihu, ya buɗe sabon *gezin*, iyayensa da 'yan'uwansa sun koma *familie*.

Wannan bambanci har cikin doka ya shiga. Wanda ke zaune a Holan yana so iyalinsa su biyo shi, abin da zai nema sunansa *gezinshereniging*, wato sake haɗa *gezin*, kuma bisa ƙa'ida miji ko mata yake nufi da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Uwa da ƙanne ba sa ciki. Tun shekarar 2006, mijin ko matar da za ta taho daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Gana sai ta fara cin jarrabawar Holanci ta matakin farko, wanda a yau yake A1, a ofishin jakadanci kafin ta samu izinin shiga. Idan da wannan niyyar kike karanta littafin nan, to babin nan naki ne, don duk inda kika shiga a watannin farko, ofishin gunduma ko ɗakin likita ko makarantar yara, maganar dangi za a fara yi miki.

Uba *vader* ne, uwa *moeder*, su biyun *ouders*. Harafin *v* a farkon kalma ya kusa zama *f*, sai ka ji kamar an ce "faader". Haɗin *oe* kullum *u* ne, don haka "muder" za ka ce, haɗin *ou* kuma *au* ne, "auders". A cikin gida ba a cika jin *vader* da *moeder* ba, yara *papa* da *mama* suke cewa, in sun girma su gajarta zuwa *pap* da *mam*, ko *pa* da *ma*. Ɗa namiji *zoon*, 'ya mace *dochter*, yaro ko yarinya *kind*, wanda *d* ɗinsa na ƙarshe ke fita da sautin *t*. Jam'insa *kinderen* ne, a haddace shi haka nan don bai bi tsarin da aka saba ba.

*Dochter* ta kawo mu ga sautin da ke tsorata baƙi, wanda ake rubutawa da *ch* ko da *g*. Duk wanda ya zauna gaban malam ya koyi fitar da harafin خ daga maƙogwaro ya riga ya gama da wannan matsalar. Shi ne a *dochter*, shi ne a farkon *gezin*. A Amsterdam da Rotterdam ana kankare shi da ƙarfi, a kudancin ƙasar da yankin Flanders na Beljiyam ana sassauta shi, kuma duk wanda ka ɗauka za a gane ka.

A kan 'yan'uwa nake so mu daɗe. *Broer* ɗan'uwa namiji ne, "bruur", *zus* kuma 'yar'uwa mace. Shi ke nan. Babu wa, babu ƙane, babu ya, babu ƙanwa. Mutum zai shekara yana ba ka labarin *mijn broer* ba ka san ko yayansa ba ne ko ƙanensa, shi kuma bai ga abin da ya rage bai faɗa ba. In lallai sai an bambance, a ƙara siffa: *oudere broer* ga wa, *jongere zus* ga ƙanwa. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan daɗi a kunne, ɗan ƙarin nan *-je* ko *-tje* da ake liƙa wa kalma don a ƙanƙanta ta cikin so. *Broertje* ƙane ne, *zusje* ƙanwa. Dattijuwa mai furfura za ta nuna wani ƙato mai gemu ta ce *mijn broertje*, kuma a cikin 'yar wannan gaɓar duk ƙaunar da ke tsakanin ya da ƙanenta ta fito. Wanda ya ce Holanci harshe ne mai sanyi, bai kasa kunne ga wannan *-je* ɗin ba. Ɗan fari *de oudste* ne, auta *de jongste*, wani lokaci ma a ce da shi *de benjamin*, daga sunan Binyaminu ƙanen Annabi Yusuf.

Babu kalma guda ta yau da kullum da ta tattara 'yan'uwa maza da mata, don haka tambayar da za ka yi ta ji ita ce *Heb je broers of zussen?* Amsarta ba ta da wuya: *Ik heb twee broers en één zus*, ina da 'yan'uwa maza biyu da mace ɗaya. Amma kafin ka ba da lissafi, tsaya ka tuna wa ake tambaya. A wurinmu ɗan baffanka ɗan'uwanka ne, wanda kuka tashi tsakar gida ɗaya ɗan'uwanka ne, ɗan garinku da kuka gamu a baƙunta ma ɗan'uwanka ne, kuma ba ƙarya ka yi ba. *Broer* kuwa wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya ne, shaƙiƙinka. Matasa a titi suna jefa wa juna *broer* kamar yadda namu ke cewa "ɗan'uwa", amma wannan zancen titi ne. A gaban ma'aikacin hukumar shige da fice, wadda ake kira IND, ko likitan da ke tambayar cutar da ke bin jinin gidanku, idan ka ce wane *broer* ɗinka ne daga baya ta bayyana ɗan kawunka ne, ba za a ɗauka al'ada ce ba, cewa za a yi maganarka ta sauya. Na fi son mai koyo ya yi ta tuntuɓe da lafazi a kan ya yi sakaci da wannan.

Wanda kuka haɗa uba kaɗai, ko uwa kaɗai, *halfbroer* ne ko *halfzus*, kuma *half* rabi ne. Kunnen wanda ya tashi a gida mai ɗakuna ba zai so wannan ba, don mun san irin ƙoƙarin da iyaye nagari suke yi kada 'yan ubanci ya shiga tsakanin yara, sai ga harshe ya zo yana kiran ɗan'uwanka rabi. Su ma masu harshen da yawansu ba sa faɗinta a cikin gida. A ajiye ta don takarda. Kishiya kuwa ba ta da suna a zancen yau da kullum, domin dokar ƙasar aure tsakanin mutum biyu kawai ta sani, ko a *gezinshereniging* ma mace ɗaya ake yarda ta zo. Idan kana son ka ambaci kishiyar mahaifiyarka, ka ce *de andere vrouw van mijn vader*, ɗayar matar mahaifina, ka kuma shirya yin bayani, don mai sauraro zai zaci rabuwa aka yi ko rasuwa. Matar uba da ta zo bayan rabuwa ita ce *stiefmoeder*, mijin uwa *stiefvader*, agola *stiefkind*. Saboda tatsuniyoyinsu ma sun ɓata sunan *stiefmoeder*, yanzu wasu sun fi son *bonusmoeder*, a Flanders kuma *plusmama*, wato uwar da aka samu ƙari.

Kakanni ba su da wahala. *Grootvader* da *grootmoeder* na rubutu ne, a baki *opa* da *oma* ake cewa, jika kuma *kleinkind*, ƙaramin ɗa. *Groot* babba, *klein* ƙarami. Kawu da baffa duk *oom* ne, gwaggo da inna duk *tante*, kuma mijin gwaggonka ma *oom* ne, matar kawunka *tante*. Mai son ya fayyace ɓangare sai ya ƙara *van moederskant* ko *van vaderskant*, ta wajen uwa ko ta wajen uba.

Sai kalmomi biyu da ke rikita har masu harshen, *neef* da *nicht*. *Neef* yana nufin ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka, kuma yana nufin ɗan wanka ko ɗan ƙanwarka. *Nicht* ita ce macen. Ka duba nisan da ke tsakanin waɗannan biyu a wurinmu: ɗaya taubashinka ne da kuke wasa kuna tsokanar juna, ɗaya kuwa ɗanka ne, kai za ka tsaya masa ranar aurensa. Holanci ya zuba su a kalma guda. Galibi ana cewa *neefje* da *nichtje* ga 'ya'yan 'yan'uwa, amma wannan ma ba tabbas ba ne, tunda ƙaramin ɗan kawu shi ma *neefje* ne. Akwai tsohuwar dabara da nake jin daɗinta, *oomzegger* da *tantezegger*, ma'ana mai ce mini kawu, mai ce mini gwaggo. Mutanen Flanders sun warware rabin matsalar da *kozijn* ga ɗan kawu namiji, sai dai in ka faɗe ta a Holan, katakon da ke kewaye da taga za a zaci kana nufi. Mafita ga mai koyo ita ce ya bi doguwar hanya: *de zoon van mijn broer*, ɗan ɗan'uwana. Babu wanda zai yi maka dariya, su ma haka suke yi idan zance ya cakuɗe.

Hanya mafi sauƙi ta gwada duk wannan ita ce a ɗauki gidan da kowa a ƙasar ya sani, gidan sarauta. Sarki Willem-Alexander ya hau gado ranar 30 ga Afrilu, 2013, lokacin da *moeder* ɗinsa Beatrix ta yi murabus. *Vrouw* ɗinsa Máxima ce, 'yar Ajantina, sun yi aure a 2002. Suna da *dochters* uku, Amalia da Alexia da Ariane, babu *zoon*, kuma Amalia, *de oudste*, ita ce mai jiran gado. Mutum biyar ɗin nan su ne *gezin* na sarki. Juliana, wadda ta yi sarauta daga 1948 zuwa 1980, *oma* ce ga sarki, mahaifiyarta Wilhelmina kuma *overgrootmoeder* ɗinsa ce. An haifi Amalia a Disambar 2003, Juliana ta rasu a Maris ɗin 2004, ka ga ta riski wannan tattaɓa-kunnen nata, wato *achterkleinkind*. Sarki yana da ƙanne biyu maza. Ɗayansu, Friso, ya rasu a 2013 bayan hatsarin da ya yi a dusar ƙanƙara a Ostiriya, ya bar *weduwe* ɗinsa Mabel da 'ya'ya mata biyu, Luana da wata da sunanta zai sa Bazazzage ya waiwaya, Zaria. Su biyun *nichten* ne ga sarki, kuma *nichten* ne ga Amalia, da kalma ɗaya. Claus-Casimir, ɗan ƙanen sarki Constantijn, *neef* ne ga sarki. Maurits, ɗan Gimbiya Margriet ƙanwar Beatrix, shi ma *neef* ne ga sarki, alhali ɗaya ɗansa ne a lissafinmu, ɗayan kuma sa'ansa.

Dangin aure kusan duk suna ɗauke da *schoon* a gaba, a furta *s* sannan خ ɗin nan ya biyo. *Schoonvader* da *schoonmoeder* surukai ne na sama, *schoonzoon* mijin 'ya, *schoondochter* matar ɗa. *Schoonzus* tana da faɗi, ta haɗa ƙanwar miji da yayar mata da matar wa, har da facala, don haka Máxima da Laurentien matar Constantijn *schoonzussen* ne. Namijin ya fita daga layi, a Holan *zwager* ake cewa, a Flanders *schoonbroer*. A Holan ta yau *schoon* na nufin mai tsabta, amma ba wankan surukai ake yabawa ba. Tsohuwar ma'anarta ita ce "kyakkyawa", wadda Flanders ta riƙe har yanzu, kuma an kwaikwayo tsarin ne daga Faransanci, inda suruki yake *beau-père*. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko zai gane wannan nan take. A bayan ido kuma akwai wata magana, *de koude kant*, ɓangaren sanyi, ga duk wanda aure ne ya shigo da shi cikin dangi. Yawanci da raha ake faɗinta, amma kada kai baƙo ka fara.

Abin da zai fi girgiza Bahaushe game da surukai ba ya cikin ƙamus. A gidaje da yawa suruki yana kiran uwar matarsa da sunanta na yanka, su zauna teburi ɗaya su ci abinci, su yi musu a kan siyasa. Mu da muke sauya hanya idan mun hango suruka, mu da uwa ba ta iya kama sunan ɗanta na fari, sai mu ga kamar babu kunya a ƙasar. Girmamawarsu tana cikin wakilin suna. Holanci yana da *jij* ko *je* ga sa'a da na kusa, da *u* ga babba ko wanda ba a saba da shi ba. Tsofaffi da yawa sun tashi suna ce wa iyayensu *u*, yaran yanzu galibi *jij* suke cewa. Shawarata, ka fara da *u*, da *meneer* ga namiji da *mevrouw* ga mace, ka tsaya a kai har su da kansu su ce maka *zeg maar jij*. In sun faɗa kuma ka karɓa, don nacewa a kan *u* bayan an ɗauke maka yana iya zama kamar kana ja da baya ne. Idan bakinka ya kasa kama sunan surukarka, ka gaya mata dalili. Mutanen nan suna son a fito musu fili, kuma zai yi wuya uwar da aka ce mata "a wurinmu girmanki ya wuce in kira sunanki" ta ji haushi.

Miji *man* ne, mata *vrouw*, kuma kalmomin nan su ne namiji da mace, kamar yadda "mata" take a Hausa. A takardun hukuma za ka ga *echtgenoot* da *echtgenote*. A yi hattara da *vriend* da *vriendin*. Asalinsu aboki da ƙawa, amma da ka sa *mijn* a gaba, *mijn vriend* ko *mijn vriendin*, yawanci saurayi ko budurwa za a fahimta, ko wanda ake zaune tare ba aure, abin da ya yawaita a ƙasar har da masu 'ya'ya. Don gabatar da aboki na zumunci kawai, a ce *een vriend van mij*, wani abokina.

Nahawun da babin nan ke buƙata kaɗan ne. Kusan duk kalmomin dangi suna ɗaukar *de*, ban da *het kind*, *het gezin*, da duk wadda aka ƙanƙanta, *het zusje*, *het neefje*. Wannan yana shafar "namu": *onze vader*, *onze familie*, amma *ons kind*, *ons gezin*. Sauran ba sa sauyawa, *mijn* nawa, *jouw* naka, *zijn* nasa, *haar* nata. Jam'in *opa* da *oma* yana zuwa da ɗan waƙafi a sama, *opa's*, *oma's*. In ka gangara Antwerpen a Flanders za ka ji *nonkel* maimakon *oom*, da *bompa* da *bomma* ga kakanni. In ka haura Friesland, inda suke da nasu harshen daban, *heit* da *mem* ne iyaye, *pake* da *beppe* kakanni.

Sha'anin dangi uku ne za su tilasta maka buɗe baki. Idan an haihu, ba uwar mai jego ce ke zuwa ta karɓi gidan ba, wata ma'aikaciya ce da ake kira *kraamverzorgster*, wadda inshorar lafiya ke ɗaukar yawancin kuɗinta, take zuwa kamar mako guda tana duba uwa da jariri. Masu barka ana ba su *beschuit met muisjes*, busasshen burodi da aka barbaɗa wa 'yan ƙwayoyi masu zaƙi, shuɗi da fari in namiji ne, ruwan hoda da fari in mace ce. Idan an yi rasuwa za ka ji *mijn vader is overleden*, mahaifina ya rasu, kai kuma ka miƙa hannu ka ce *gecondoleerd*, ka ƙara da *sterkte*, wato fatan samun ƙarfin zuciya.

Na ukun shi ne ranar haihuwa, wadda suke ɗauka da muhimmanci har gidaje da yawa suna rataye kalandar ranakun haihuwar dangi a bayan ƙofar banɗaki don kada a manta da kowa. Za ka shiga falo ka tarar an jera kujeru a da'ira, ga kofi ga kek. Ba mai ranar kaɗai ake taya murna ba, kowa ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa da kalmar da ta haɗa shi da mai ranar. Ga mahaifiyarsa ka ce *gefeliciteerd met uw zoon*, barka da ɗanki. Ga ƙanwarsa, *gefeliciteerd met je broer*. Ga uban matarsa, *met uw schoonzoon*. Ga ɗan kawunsa da ɗan wansa duka biyu ka tsaya ka yi lissafi, don ga na farko shi *neef* ne, ga na biyu kuwa *oom*. Wanda ba ka san matsayinsa ba, ka tambaye shi kai tsaye, *Bent u familie?* Idan kuma kai aka taya murna saboda matarka ce mai ranar, amsar ita ce *dank je wel, jij ook gefeliciteerd*, na gode, kai ma barka, sannan ka matsa ga na kujera ta gaba.